Ciwon gwiwa a gidan soja: abin da za a yi kafin a kai ga tiyata

Wata baiwar Allah da ke zaune a barikin Basawa ta aiko da tambaya game da maigidanta. Ta ce shekarunsa 51, ya kusa cika shekara 30 yana aikin soja, kuma yau shekara uku ke nan gwiwarsa ta dama tana damunsa. Tana yi masa ciwo idan yana saukowa daga bene ko ya daɗe a tsaye a fareti, tana sanƙarewa da asuba, wani lokaci kuma ta kumbura. An ɗauki hotonta, aka ce masa guringuntsi ya cinye, wata rana sai an yi aiki. Shi kuwa ba ya son maganar ta kai wurin aiki, saboda haka kullum sai ya haɗiyi ƙwayoyin da ake haɗa masa a kemis kafin ya fita. Ita ma gwiwoyinta biyu sun fara ciwo tun bayan haihuwarta ta shida, har zaman tahiya yana yi mata wuya. Tana so ta san ko akwai hanyar da za su bi ba tare da tiyata ba.

Hajiya, Allah ya ba ku lafiya ke da maigida. Akwai hanya, kuma ita ce hanyar da ake fara bi da kowa, mai kuɗi da marar kuɗi, a nan da ƙasashen waje. Aikina fisiyo ne, wanda jama'a suka fi sani da gashin ƙashi, kuma a gari irin Zariya, inda Dafo take horar da kurata tun 1924, ga makarantar yaran soja, ga Basawa, ga Jaji a kan hanyar Kaduna, da wuya mako ya wuce ban duba gwiwar soja ko ta tsohon soja ko ta iyalinsu ba. Abin da na gani a hannuna ya yi daidai da abin da bincike ya nuna, wato mafi yawan masu wannan ciwo ba sa kaiwa ga wuƙa, kuma abin da ya fi taimakonsu ba a kemis ake sayar da shi ba.

Mutane suna kiran ciwon da sunaye iri-iri. Wasu su ce amosanin gaɓɓai, wasu sanyin ƙashi, wasu kuma su ce ruwan gwiwa ne ya ƙare. Ƙarshen ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri da bayan ƙoƙon gwiwa duk a lulluɓe suke da guringuntsi mai santsi, irin farin abin nan mai sheƙi da kike gani a kan gaɓa idan kina gyaran ƙafar sa don farfesu. A wannan ciwo guringuntsin yana yin laushi ya sirance, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri ya fitar da 'yan tsiro a gefe, tantanin da ya kewaye gaɓar ta ciki yakan hura, tsokar cinya kuma ta raunana. Maganar ƙarewar ruwa ba daidai ba ce, domin gwiwar da ta kumbura ruwa ne ya yi mata yawa. Akwai abu biyu game da guringuntsi da nake so ki riƙe. Na farko, ba shi da jijiyar jin ciwo, saboda haka raɗaɗin daga ƙashi da tantani da tsokoki da jijiyoyin da ke kewaye yake fitowa, kuma waɗannan ana iya gyara halinsu. Na biyu, ba shi da jijiyar jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kamar soso da ake matsawa a saki, yana fitar da tsohon ruwa yana tsotsar sabo. Motsi ne yake matsa shi ya sake shi. Gwiwar da aka ajiye ba a motsa ta ba, yunwa aka bar ta da ita.

Wannan ne ya sa nake roƙon maigida kada ya bari hoton nan ya karya masa zuciya. Mun sha ganin dattijo mai hoton da ya nuna ƙasusuwa sun kusa haɗuwa, amma yana zuwa gona a ƙafa, mun kuma ga wanda hotonsa bai nuna wani abin kirki ba amma ciwo ya hana shi barci. Hoto yana nuna ƙashi, ba ya nuna ƙarfin cinya ko nauyin da ake ɗora mata. Ƙa'idar da hukumar tsara magani ta Ingila ta fitar a 2022 ma cewa ta yi, mutumin da ya kai shekara 45, yana jin ciwon gaɓa idan ya yi aiki da ita, kuma sanƙarewar safe ba ta wuce masa minti 30, ana iya tabbatar da ciwon ba tare da an ɗauki hoto ba. Kuma ba ku kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne suke da wannan ciwo a duniya, miliyan 365 daga ciki a gwiwa ne, kuma kusan kashi 60 cikin 100 mata ne.

Dalilin da ya sa yake saurin kama soja ba ɓoyayye ba ne. A tafiya ta yau da kullum, kowane taku yana ɗora wa gwiwa nauyin jiki ninki biyu zuwa uku, a saukowa daga tudu ko bene kuwa ya fi haka. Idan aka goya wa mutum jaka da bindiga da harsasai da rigar sulke masu kilo 20, gwiwa ba kilo 20 take ji ba, ninkinsu take ji, a kowane taku, na tsawon kilomitoci, na tsawon shekaru. Ga dirowa daga mota da kaya a baya, ga tsuguno da rarrafe, ga tsayuwar gadi. Abin da ya fi duka shi ne tsohon rauni. Soja ya murɗe gwiwa a horo ko a filin ƙwallo yana ɗan shekara 24, ta kumbura mako biyu, aka ɗaure ta da bandeji ya koma aiki, alhali wata jijiya ta ciki ta tsinke ko matashin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya yage. Bayan shekara 15 ko 20 sai gwiwar nan ta biyo bashinta. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 ya gano cewa ciwon ya fi yawa a sojojin da ke bakin aiki fiye da sa'o'insu farar hula, kuma ya fi tsanani a sojan ƙasa da masu ƙananan muƙamai, waɗanda su ne masu ɗaukar kaya. Sai kuma abu na biyu da ba a cika lura da shi ba: idan igiya ta ƙaru aka koma aikin tebur, ko aka yi ritaya, gudun safe ya tsaya amma cin abinci bai ragu ba. Tumbi ya fito, cinya ta motse, gwiwar da da tsoka ke kare ta sai ta koma ita kaɗai take ɗaukar kayan.

Ke kuma, Hajiya, naki dalilin daban ne: ƙibar da ke taruwa daga haihuwa zuwa haihuwa, da canjin jiki idan al'ada ta kusa ɗaukewa, da sa'o'in da ake shafewa a kan kujerar tsuguno a gaban murhu ko bahon wanki, da hawa da bokitin ruwa zuwa saman bulo. Amma maganin naku iri ɗaya ne, kuma wannan sa'a ce, domin za ku yi tare.

Kafin in shiga maganin, akwai alamomin da idan kun gan su ba a zauna ana motsa jiki a gida. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau, ba ta taɓuwa, ga zazzaɓi, a kai ta asibiti a ranar, domin ƙwayar cuta a cikin gaɓa tana iya lalata ta cikin kwanaki. Haka nan gwiwar da ke maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko take sulluɓewa mutum ya faɗi, ko ciwon da ya zo da rama da gumin dare, ko sanƙarewar safe da ke wuce awa guda tare da kumburin yatsun hannu biyu, ko ciwon gaɓa ga mai sikila. Waɗannan suna nuna wani ciwo ne daban, kuma likita ya kamata ya fara gani.

Babban magani shi ne ƙarfafa tsokar cinya da ta ɗuwawu, da motsa gwiwar a kan awo. Na san wannan magana tana yi wa mutane nauyi, domin hankali yana ba mutum cewa abin da ya cinye, hutu yake buƙata. Amma tsokar gaban cinya ita ce birkin gwiwa. Ita take tare nauyin jiki duk lokacin da ƙafa ta sauka ƙasa, kuma idan ta yi rauni duk bugun a kan gaɓar yake ƙarewa. Ga yadda nake fara koya wa marasa lafiyata. Mutum ya zauna a kujera mai tsayi, ya miƙe ƙafar sosai har gwiwa ta daidaita, yatsu suna kallon sama, ya riƙe yana ƙirga biyar, sannan ya sauke a hankali, sau goma. Idan ya yi sauƙi bayan mako guda ko biyu, a cika tsohuwar safa da yashi kamar kilo ɗaya a ɗaura a idon sawu, daga baya a ƙara. Na biyu, ya kwanta rigingine a kan tabarma, ya lanƙwasa lafiyayyar ƙafa, ya ɗaga mai ciwon a miƙe kamar taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa, ya riƙe, ya sauke. Na uku, yana nan kwance, gwiwoyi biyu a lanƙwashe, ya ɗaga ƙugu sama har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa. Na huɗu, ya kwanta a gefe ya ɗaga ƙafar sama zuwa sama a miƙe, don tsokar gefen ƙugu. Na biyar, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne tashi da zama a kujera ba tare da dafa hannu ba, a hankali, musamman wajen zama, kada a faɗa kamar buhu. Idan ƙarfi ya samu, sai a ƙara da hawa dakali ɗaya marar tsayi da saukowa. Kowane ɗaya a yi sau goma, a huta, a maimaita sau biyu ko uku, kwana uku a mako. Duka-duka ba ya wuce rabin awa.

A kan wannan sai a haɗa da tafiya ko keke. Keke abokin gwiwa ne, domin yana juya gaɓar ba tare da ya ɗora mata nauyin jiki ba, muddin an ɗaga sirdin yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa. Zariya kuwa shimfiɗaɗɗen gari ne da ya saba da keke. Tafiya a fara da minti 10 a fili mai laushi, kamar gefen filin fareti da yamma, a riƙa ƙara minti biyu ko uku kowane mako har a kai minti 30 a yawancin ranaku.

Tambayar da kowa yake yi ita ce, idan na ji ciwo fa? A nan ne soja yake yin kuskure iri biyu. Ko dai ya daure ya wuce gona da iri, kamar yadda aka horar da shi, ko kuma ranar da ciwon ya kayar da shi ya daina komai. Awon da muke amfani da shi mai sauƙi ne. A ɗauki ciwo daga sifili zuwa goma. Idan a lokacin motsa jiki bai wuce biyar ba, kuma washegari da safe gwiwar ta koma yadda take, ba ƙarin kumburi, to ba a yi ɓarna ba, a ci gaba. Idan ta kwana tana zogi ko ta wayi gari a kumbure, an yi yawa, a rage rabi amma kada a daina. Ƙarar da gwiwa take yi, ƙas-ƙas, idan ba ciwo tare da ita ba abin tsoro ba ce. Kuma a sani cewa makonni biyun farko ciwon yana iya ɗan ƙaruwa, sauƙin gaske sai an yi mako shida zuwa goma sha biyu, kuma idan aka daina, ƙarfin yakan zube cikin 'yan watanni.

Akwai wani tsohon samanja da ya zo wurina yana dogara sanda, yana aikin gadi bayan ritaya. Da na ce ya tashi ya zauna a kujera na daƙiƙa 30, sau biyar ya iya, shi ma da dafa gwiwa. Da na auna cinyarsa ta hagu da tef ɗin tela, ta gaza ta dama da kusan inci ɗaya, shi kansa bai taɓa lura ba sai da ya ga lambar. Ya sayi ƙaramin littafin rubutu, ya ja layuka kamar jadawalin gadi, kowace rana ya rubuta abin da ya yi da lambar ciwonsa. Bayan wata uku ya dawo ya yi sau goma sha biyu hannuwa a ƙirji, sandar kuma sai ranar da zai shiga kasuwar Sabon Gari yake ɗauka. Hotonsa bai canza ba ko kaɗan, kuma gwiwar tana yi masa tsami idan hunturu ya kankama. Ina kawo labarinsa ne domin sojoji suna da abin da sauran marasa lafiyata suke rasawa, wato sabo da yin abu a kan lokaci ko ana so ko ba a so.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne, kuma an gwada shi a kan iyalan soja. A 2020 aka wallafa wani gwaji da aka yi a asibitocin sojan Amurka a kan mutum 156 masu wannan ciwo, cikinsu har da sojoji da tsofaffin sojoji da iyalansu. Aka yi wa rabi allurar sitiroid, wato maganin kwantar da kumburi, a cikin gwiwa, rabi kuma aka tura su fisiyo. Bayan shekara guda, waɗanda suka yi fisiyo sun fi samun sauƙin ciwo da iya hidimar yau da kullum.

Abu na biyu shi ne nauyi, kuma a nan ragamar tana hannunki, Hajiya, tunda ke ce mai tukunya. Bincike ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kamar kilo huɗu a kowane taku. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2013, waɗanda suka haɗa gyaran abinci da motsa jiki suka rage kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, ciwonsu ya ragu da kusan rabi. Ga mai kilo 90, maganar kilo 9 ake yi, a hankali, rabin kilo a mako. Ba na cewa a daina cin tuwo. Mai cin malmala uku ya koma biyu, a yawaita miyar kuka ko kuɓewa ko zogale, a rage ludayin mai. Lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu na sukari da soye-soyen dare a Mami, wato kasuwar bariki, su ne suka fi yi wa sojoji illa ba su sani ba. Wake da kifi da ƙwai da gyaɗa kada a rage su, domin da su tsoka take ginuwa. Ko kilo huɗu ko biyar aka sauke, gwiwa za ta shaida.

Yanzu sai maganar da ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarki, wato haɗin ƙwayoyin kemis. Irin wannan ƙulli yawanci yana ɗauke da magungunan kashe raɗaɗi 'yan gida ɗaya guda biyu ko uku, kamar diclofenac da ibuprofen da piroxicam, sau da yawa kuma da sitiroid na sha irin prednisolone ko dexamethasone a ciki. Haɗa 'yan gida ɗaya ba ya ƙara sauƙi, illa yake ninkawa: gyambon ciki mai zubar da jini, hawan jini, da lalacewar ƙoda. Hatsarin ƙoda ya fi yawa ga wanda ya sha su ya shiga rana yana gumi ba ya shan ruwa, wato daidai halin soja a bazara ko mai azumi. Shi kuwa sitiroid na sha, idan aka daɗe a kansa yana kumbura fuska, ya tayar da sukari, ya raunana ƙashi, har yakan kashe kan ƙashin ƙugu. Idan maigida ya yi makonni yana shan irinsa, kada ya daina farat ɗaya, likita ne zai riƙa rage masa. Idan kuma kin ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ƙafafunsa suna kumbura, ku tafi asibiti a ranar. Tramadol ba maganin wannan ciwo ba ne. Amfaninsa kaɗan ne, kamunsa kuwa mun ga yadda ya yi da samarinmu.

Abin da ya dace a fara da shi shi ne maganin shafawa, kamar diclofenac na shafawa, sau uku ko huɗu a rana a kan gwiwar. Yana aiki sosai a gwiwa saboda gaɓar tana kusa da fata, kuma abin da ke shiga jini kaɗan ne. Idan bai isa ba, likita yana iya ba da na sha guda ɗaya, mafi ƙarancin awo, na 'yan kwanaki, tare da maganin kare ciki irin omeprazole, bayan ya duba hawan jini da ƙoda. Farasitamol ba shi da ƙarfi sosai a wannan ciwo, kuma babba kada ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a yini. Amfanin magani shi ne ya kwantar da ciwo har mutum ya iya motsa jiki. Allurar sitiroid a cikin gwiwa tana da ranarta, idan gwiwa ta kumbura ta hana komai, amma sauƙinta na makonni ne, tana tayar da sukarin mai ciwon sukari na 'yan kwanaki, kuma wani gwaji na 2017 ya nuna cewa waɗanda aka riƙa yi musu ita duk wata uku har shekara biyu sun fi rasa guringuntsi, ba tare da ciwonsu ya fi na waɗanda aka yi wa ruwan gishiri sauƙi ba. Ƙwayoyin glucosamine da allurar da ake cewa tana mayar da ruwan gwiwa suna da tsada, kuma ƙa'idar Ingila da na ambata ba ta yarda a riƙa ba da su ba saboda raunin hujjarsu. Albashin saje bai kai a zuba shi a nan ba. Haka ma ƙaramin aikin da ake kira wankin gwiwa: a 2002 an gwada shi a kan mutum 180 a asibitin tsofaffin sojoji na Hustan a Amurka, waɗanda aka wanke musu ba su fi waɗanda aka yi wa tsagar fata kawai samun sauƙi ba.

Gashi da ruwan ɗumi da tawul na minti 15, musamman da safe a lokacin sanyi, yana sassauta gaɓa, tausa da man kaɗanya ko man zafi ma ba laifi. Idan gwiwar ta kumbura bayan aiki, ƙanƙara a cikin tsumma ta fi. Mai ciwon sukari ya gwada zafin ruwan da hannu kada ya ƙone bai ji ba. Abin da nake hanawa shi ne tsaga da sakiya da ƙaho a kan gwiwar kanta, domin tsakanin fata da cikin gaɓa ba nisa, kuma na ga gwiwar da ta yi ruwa ta sanƙare har abada ta wannan hanya. Maɗori kuwa aikinsa karaya ne, a nan babu abin da ya karye, ɗaure gwiwa da karare na makonni ƙara kashe tsoka yake yi.

Game da salla, addini ya riga ya yi sauƙi. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya nuna cewa mutum ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Shawarata ta fuskar lafiya ita ce kada ki ajiye abin da kike iyawa. Idan kina iya tsayuwa da ruku'u ki yi su, ki nemi kujera don abin da ya gagara kawai, ki kuma tambayi malami yadda ake yi daidai. Darduma mai kauri, da ɗan matashi tsakanin ɗuwawu da dunduniya a zaman tahiya, suna mayar da mutane da yawa ƙasa. A gida kuma a ɗora risho ko gas a kan tebur, a sauya kujerar tsuguno da mai tsayi, a yi wanki a kan dakali, a sa kujerar ba-haya a kan masan tsuguno tare da maƙalin ƙarfe a bango. A bene, lafiyayyar ƙafa ce take fara hawa, mai ciwo take fara sauka. Sanda, idan za a yi doguwar tafiya, a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta: mai ciwon gwiwar dama ya riƙe da hagu.

Saura maganar ɓoyewa. Na fahimci tsoron maigida, domin babu sojan da yake so a ce ya gaza, balle yana hangen ƙarin girma ko kwas. Amma ɓoyewar ce take kai mutum inda yake gudu. Ya je asibitin bariki ya ga likita, a rubuta ciwon a fayil ɗinsa, ya nemi takardar turawa zuwa fisiyo, ko a asibitin soja na 44 da ke Kaduna ko a asibitin koyarwa na Shika, ya kuma bi ta ofishin inshorar lafiyar sojoji tun kafin ya tafi don ya san abin da ta ɗauke masa, ke ma haka. Sassaucin aiki na 'yan makonni, a ɗauke masa tattaki da kaya da doguwar tsayuwa yayin da yake gina cinyarsa, shi ne zai ba shi damar ƙarasa shekarunsa a kan ƙafarsa. Rubutun da ke fayil kuma zai yi masa amfani ranar da ya ajiye kaki.

Ban ce tiyata ba ta da wuri ba. Idan mutum ya yi wata uku zuwa shida yana bin duk wannan da gaske, amma ciwo yana tashinsa da dare, ba ya iya zuwa masallacin unguwa, ƙafar kuma tana ƙara gwamewa, to ya ga likitan ƙashi, a Shika ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Sauya gwiwa aiki ne mai nasara, kuma yawancin gwiwoyin da ake sawa suna wuce shekara 20. Sai dai ga ɗan shekara 51 jinkiri yana da riba, domin wanda aka yi wa da wuri ya fi fuskantar sake aiki a gaba, kuma da yawa ba sa jin daɗin durƙuso ko tsuguno bayansa. A wani gwaji da aka yi a Denmak a 2015 a kan mutum 100 da duk sun cancanci a sauya musu gwiwa, waɗanda aka yi wa aikin sun fi samun sauƙi amma sun fi haɗuwa da matsaloli masu tsanani, sannan cikin 50 da aka ba motsa jiki da gyaran abinci da magani kawai, 13 ne suka nemi tiyata a cikin shekarar. Wanda ma ya ƙare a tiyata, cinyar da ya gina tun farko ita take tayar da shi da wuri.

Gobe da safe ku sami kujera mai tsayin gwiwa ku jingina ta da bango, kowa ya ƙirga sau nawa yake tashi ya zauna a daƙiƙa 30, ku hau sikeli, ku rubuta lambobin da kwanan wata a littafi ɗaya. Ranar da za ku je asibiti kuma ku tafi da ledar magungunan nan gaba ɗaya, har da ƙullin kemis da na gargajiya na cikin jarka, likita ya gani da idonsa, ya kuma auna wa maigida hawan jini da sukari da aikin ƙoda kafin a rubuta masa wani sabon abu.